Takardar izinin tashin duron ta kusa ƙarewa: yaya ake sabunta ta a Amurka?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa mazaunin Houston, a jihar Texas. Sana'arsa ɗaukar hoto da bidiyo da ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda mu 'yan sana'ar muke kira duron. Wani kamfanin gine-gine ya ba shi aikin ɗaukar yadda gininsu ke tashi, sau biyu a wata, kuma wurin yana daf da wani ƙaramin filin jirgin sama mai hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage. Takardar izinin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta ba shi saura mako biyar ta ƙare. Ya ce ya duba shafin hukumar ciki da bai, bai ga inda ake sabuntawa ba. Yana son sanin yadda ake yi, da kuma ko zai iya ci gaba da tashi kafin sabuwa ta fito, tunda lasisinsa yana nan da ransa.

Malam, bari in fara da ta biyun, don ita ce mai haɗari. A'a, ba za ka iya ba. Ranar da aka rubuta a jikin takardar nan ita ce ranarka ta ƙarshe a wannan sararin. Washegari, kai da wanda bai taɓa neman izini ba duk ɗaya kuke a wurin hukuma. Ko da ka riga ka tura sabuwar buƙata tana jiran amsa, turawa ba izini ba ce, kuma ba a ba da kwanakin alfarma. Tun dokar da majalisar Amurka ta yi wa FAA a 2024, tarar tashi ba bisa ƙa'ida ba tana iya kai wa dala 75,000 a kan laifi guda, ban da dakatar da lasisi ko ƙwace shi. Kuɗin hoton gini ɗaya bai kai ka saka sana'arka a wannan caca ba.

Dalilin da ya sa ba ka ga wurin sabuntawa ba kuwa, ba a sabunta wannan takarda irin yadda ake sabunta lasisin tuƙi. Idan ta ƙare ta ƙare, sai dai ka nemi wata sabuwa fil. Na san abin yana ba mutane haushi, amma idan ka gane mece ce takardar za ka ga hikimar. Dokar da ke mulkin sana'armu, Sashe na 107, ta fara aiki ranar 29 ga Agusta 2016. An kasa sararin samaniya aji-aji, kuma saɗara ta 107.41 a cikin dokar ta ce ba za ka tashi a sararin aji B, C, D, ko na aji E da ya sauko har ƙasa a kewayen filin jirgi ba, sai da amincewar masu kula da zirga-zirgar jirage tun kafin ka tashi. Ke nan takardar ba shaida ba ce ta cewa ka iya tuƙi. Yardar mutanen hasumiya ce cewa a wannan wuri, zuwa wannan tsayi, cikin waɗannan kwanaki, za su iya haƙuri da jirginka a ƙarƙashin nasu. Wuri kuwa yana canzawa. A kan sauya hanyar da jirage ke bi su sauka, asibiti ya buɗe wurin saukar helikwafta, makarantar koyon tuƙi ta ƙara ɗalibai. Abin da suka yarda da shi shekara biyu da suka wuce dole su sake kallonsa da idon yau.

Yawancin ruɗanin da nake gani a wurin sababbin 'yan sana'a daga haɗa takardu wuri ɗaya yake zuwa, alhali kowace da agogonta. Lasisinka na matuƙi ba ya ƙarewa, gaskiya ne. Amma ba ka da ikon aiki da shi sai idan ka sabunta iliminka cikin wata 24 da suka gabata. Kafin Afrilun 2021 sai mutum ya koma cibiyar jarrabawa ya biya kuɗi. Yanzu darasi ne kyauta a shafin FAASafety.gov, kuma ga wanda ba matuƙin babban jirgi ba lambar darasin ALC-677. Lissafin da watan kalanda ake yi: wanda ya yi darasin ranar 10 ga Maris, yana da har ƙarshen Maris bayan shekara biyu. Sai rajistar jirgin kansa, dala 5, tana shekara uku. Sai izinin sararin samaniya, wanda muke magana a kai. Ga wasu kuma akwai takardar sassauci, wadda ke ɗage musu wata ƙa'ida, misali tashi inda ido ba ya hango jirgi. Ita wannan takarda, hukuma ta ce a neme ta kwana 90 kafin aiki. Ɗaya ba ta rufa wa ɗaya asiri. Kafin ka taɓa maganar izini, ka duba ranar da ka yi darasin nan da ranar ƙarewar rajistarka, domin sau da yawa wanda ya samu izini mai tsawo a lokacin da ya fara aiki, duk a tsakanin watanni kaɗan suke ƙare masa.

To, ƙofofin neman izini biyu ne, kuma abin da zan so ka fara yi yau, kafin ka cike komai, shi ne ka duba ko filin jirgin naka ya shiga LAANC, tsarin hukumar na ba da izini nan take ta manhaja. An shimfiɗa wannan tsari a faɗin ƙasar a 2018, kuma an ci gaba da ƙara filaye bayan nan, don haka filin da ba ya ciki lokacin da ka nemi takardarka ta farko yana iya kasancewa a ciki yanzu. Idan ya shiga, rabin damuwarka ta kau. Za ka buɗe ɗaya daga cikin manhajojin da hukuma ta amince da su, irin su Aloft ko AirHub, ka zana wurin, ka saka tsayi da lokaci, amsa ta zo maka kafin ka gama ɗaura farfela.

Yadda abin yake aiki shi ne an yanka kewayen kowane filin jirgi gida-gida a taswira, kamar gidajen dara, kowane gida da lambarsa: 0, 50, 100, 200, 300 ko 400. Lambar ita ce ƙafa nawa daga ƙasa hasumiya ta riga ta yarda a ba da izini kai tsaye ba sai an tambaye ta ba. Idan abin da kake so bai wuce lambar gidanka ba, na'ura ce ke amsawa. Idan ya wuce, amma bai haura ƙafa 400 ba, kana iya neman a kai maganar gaban mutum a hasumiyar, ta cikin manhajar dai. Wannan sai ka tura aƙalla awa 72 kafin lokacin tashi, kuma idan aka kai saura awa 24 ba su amsa ba, buƙatar ta faɗi da kanta. Shirunsu ba amincewa ba ne. Izinin LAANC gajere ne, ba ya wuce awa 12, amma kana iya nemansa tun saura kwana 90. Ga mai aiki irin naka, mai ranaku sanannu, sai ka zauna da yamma ɗaya ka jera buƙatun wata uku.

Abu ɗaya da nake jan kunnen kowa a kai: lambobin gidajen nan ba a kan dutse aka sassaƙa su ba. Ana sabunta taswirar tare da sauran taswirorin jiragen sama, duk kwana 56. Kada ka dogara da abin da ka haddace. Gidan da ka sani da 200 yana iya wayar gari 100.

Idan kuwa filin bai shiga LAANC ba, ko kana son izini mai tsawon watanni da ya game yanki mai faɗi, ko aikin naka ya haɗa da takardar sassauci, to sai ƙofa ta biyu, wadda ka bi da farko: ka shiga asusunka na DroneZone, shafin FAA na harkar duron, ka cike sabuwar buƙata, mutum ne zai karanta ta. Hukuma ta ce a tura aƙalla kwana 60 kafin ranar aiki. Kai saura kwana 35 gare ka. Ba zan ɓoye maka ba, ka makara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wani lokaci amsa tana fitowa cikin mako biyu ko uku, amma ba a gina alkawari da mai ba da aiki a kan "wani lokaci". Ka tura yau, kada ka bari sai ƙarshen mako.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin a nan ake samun bambanci tsakanin wanda takardarsa ke fitowa da wuri da wanda ake ta mayar masa da tambayoyi. Jarabar da ke kama kowa ita ce ya buɗe tsohuwar buƙata ya kwafe ta kalma da kalma, ya canza kwanan wata kawai. Ni ma na taɓa yi, kuma na ji a jikina. Wani gini ne da na fara ɗauka tun ana zuba harsashi. Na nemi ƙafa 100, aka ba ni, kuma a lokacin ta ishe ni har da saura, domin daga wannan tsayi ina ganin filin duka, da tulin yashi da motocin siminti a bakin ƙofa. Da lokacin sabuwa ya zo na kwafe tsohuwar na tura, aka sake ba ni ƙafa 100 ba gardama. Ranar da na koma da sabuwar takarda a aljihu, na tsaya a wurin ajiye motoci na ɗaga kai. Ginin ya kai hawa takwas, ga dogon ƙarfen ɗaga kaya ya miƙe sama da shi, hannunsa yana juyawa a hankali da ɗaurin rodi yana lilo. Shugaban ma'aikatan ya zo da hularsa ta kwano a hannu yana nuna mini rufin, ya ce hoton saman nan masu kuɗin ginin suke son gani. Na tashi jirgin, lambar tsayi a allon ta kai 100, kyamarata tana kallon tagogin hawa na ƙarshe, rufin yana sama da ni. Na sauko da shi na gaya masa gaskiya. Sai da na sake neman wani izinin na jira makonni, hotunan wannan watan kuma ba su samu ba har abada, domin gini ba ya jiran mai hoto.

Wani zai ce ai doka ta yarda ka haura ƙafa 400 sama da gini idan kana kusa da shi. Wannan rangwamen na sararin da ba hasumiyar da ke kula da shi ne. A inda ake buƙatar izini, tsayin da aka rubuta maka daga ƙasa ake auna shi, kuma ba a ɗora shi a kan tsayin gini ko na ƙarfe. Ƙafa 100 tana nufin ƙafa 100 daga inda ƙasa take. Saboda haka kafin ka cike buƙatar, ka tambayi injiniyan wurin tsayin da ginin zai kai nan da ƙarshen kwangilar, da tsayin ƙarfen ɗaga kayansu, ka nemi abin da zai ishe ka. Amma kada ka yi zari. Mai neman ƙafa 400 a kewayen mil uku alhali aikinsa fili ɗaya ne, shi ake ajiye wa takarda a ƙasan tari. Ka ba su tsakiyar wurin da lambobin taswira daidai, da ƙaramin kewaye, da tsayin da za ka iya kare dalilinsa, da sa'o'in da kake aiki a zahiri.

A wurin bayanin aiki, ka rubuta lambar tsohuwar takardarka, ka ce wannan ci gaba ne na aikin da aka riga aka amince da shi. Ka faɗi abin da ya canza da abin da bai canza ba. Idan ka yi tashi arba'in a ƙarƙashin tsohuwar ba tare da matsala ba, ka faɗa, amma idan littafin tashinka zai tabbatar da hakan. Sannan ka amsa tambayar da ke zuciyar mai karantawa tun kafin ya yi ta: idan sadarwa ta yanke tsakaninka da jirgin, me zai faru? Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Jiragen nan suna da saitin komawa gida, inda jirgin zai fara haurawa zuwa wani tsayi kafin ya kamo hanyar dawowa. Na taɓa duba na'urar wani yaro da nake koya wa aiki, izininsa ƙafa 100, na tarar saitin komawa gida yana kan mita 100, wato kusan ƙafa 328. Da sadarwa ta yanke masa ko na daƙiƙa kaɗan, jirgin da kansa zai karya izinin ya shiga hanyar jirage masu sauka. Ka daidaita wannan saiti da na iyakar tsayi ƙasa da abin da aka ba ka, kuma ka rubuta a buƙatar cewa haka kake yi. Ka lura da ma'auni ma: mu da muka saba da mita, takardun nan duk da ƙafa suke magana.

Ka ambaci ko kana da mai taya ka sa ido a sama, da yadda za ka sauko nan take idan jirgi mai mutane ya doso. Lambar wayar da za ka saka kuwa ta zama wadda ke aljihunka lokacin tashi, a kunne, ba ta ofis ba. Hasumiya tana iya kiranka ta ce ka sauka yanzu, kuma tana da ikon soke izinin a kowane lokaci. Idan ka canza gida tun bayan takardar farko, doka ta ba ka kwana 30 ka sanar da hukuma sabon adireshi. A gyara wannan ma.

Akwai ƙa'idojin da suka sauya a 'yan shekarun nan, waɗanda tsohuwar buƙata ba za ta nuna su ba. Daga 21 ga Afrilu 2021 an halatta tashin dare ba tare da takardar sassauci ba, muddin ka yi sabon darasin kuma jirgin yana da fitila mai walƙiya da ake hangowa daga mil uku. Idan za ka buƙaci dare ko asuba, ka saka sa'o'in a buƙatar. Sai tsarin Remote ID, inda jirgi ke watsa lambar shaidarsa da inda yake yayin tashi. Wa'adinsa ya cika ranar 16 ga Satumba 2023, aka ɗaga ƙafa wajen hukunci zuwa 16 ga Maris 2024, yanzu kuwa babu uzuri. Idan ka sayi sabon jirgi ko ka liƙa wa tsohon na'urar watsawa, ka tabbata lambarta tana cikin rajistarka. Kuma kada manhajar kamfanin da ya ƙera jirgin ta ruɗe ka. A Janairun 2025 DJI ta daina kulle jiragenta a irin waɗannan wurare a Amurka, gargaɗi kawai take nunawa. Jirgi ya yarda ya tashi ba ya nufin hukuma ta yarda.

Idan sabuwar takarda ta fito, ka zauna ka karanta ta daga farko har ƙarshe, musamman shafin sharuɗɗa na musamman. Kada ka ɗauka irin ta da ce. Wata tana cewa ka kira hasumiya kafin ka tashi da bayan ka sauka, wata ta rage tsayi, wata ta cire wani ɓangare na kewayen da ka nema. Ka ajiye kwafi a waya, ka buga ɗaya ka saka a akwatin jirgi tare da lasisinka, domin jami'in hukuma ko ɗan sanda yana da ikon ya ce ka nuna lasisin.

Saura maganar giɓin da ke iya faɗowa tsakanin tsohuwa da sabuwa. Ka kira mai ba ka aiki tun yanzu ka gaya masa. Masu gini sun saba da jiran takardun hukuma, sun fi kowa sanin ciwon. Abin da ba sa yafewa shi ne a ɓoye musu sai ranar aiki. Ka matso da ɗauka ɗaya zuwa kwanakin ƙarshe na tsohuwar takardar, don tazarar ta ragu. Idan ta kama, ka ɗauki na ƙasa da na cikin ginin da kyamarar hannu a wannan zagayen. Akwai kuma wani abin dubawa: ƙananan filaye da yawa hasumiyarsu ba ta kwana a buɗe, kuma idan ta rufe, ajin sararin yana sauyawa. A wasu wuraren yana komawa aji G, inda ba a buƙatar izini. A wasu kuma yana zama aji E har ƙasa, inda izinin yana nan daram. Littafin bayanan filayen jirgi na hukuma, Chart Supplement, shi ke faɗin sa'o'in da abin da sararin ke komawa. Ka karanta da idonka, kada ka ɗauki maganar wani a majalisa. Ko da ya halatta, ka tuna jirage suna ci gaba da sauka bayan hasumiya ta rufe, kuma a lokacin babu mai gaya musu kana wurin.

Izini, sabo ko tsoho, ba ya ɗage haramcin wucin gadi. A Houston wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da ake babban wasa a filin da ke ɗaukar mutum 30,000 ko fiye, kamar filin Texans, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin, idan suna wasa a gida, an hana tashi a kewayen mil uku na ma'aunin jiragen sama, daga awa ɗaya kafin wasa har awa ɗaya bayan an tashi. Haka idan shugaban ƙasa ya zo gari, ko ana aikin ceto bayan guguwa. Duba NOTAM, wato sanarwar da hukuma ke fitar wa matuƙa, da safiyar kowace ranar aiki wajibi ne, komai kyan takardarka.

Tunda na san da yawanmu muna saka jirgin a jaka idan za mu je gida hutu, don bikin ɗan'uwa ko hawan sallah: takardun FAA ba su da aiki a Najeriya. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma shigo da jirgin kansa yana da nasa takardun. Wannan magana ce ta daban mai tsawo, a fara ta watanni kafin a sayi tikiti.

Ranar da sabuwar takardar ta shigo hannunka, ka buɗe kalandar wayarka ka ƙirga kwana 90 baya daga ranar ƙarewarta ka saka ƙararrawa, ka saka wata a kwana 75. Ni a murfin akwatin jirgina, daga ciki, na liƙa farar takarda mai layi huɗu da na rubuta da alƙalami mai kauri: ranar darasi, ranar rajistar kowane jirgi, ranar izini, ranar inshora. Duk lokacin da na buɗe don ciro batir sai na gan ta. Allah ya sa taka ta fito kafin tsohuwar ta ƙare, ya kuma sa albarka a sana'a.